Yadda Ake Farfaɗowa Bayan An Rasa Aikin Talla a Lokacin Matsin Tattalin Arziki

Duk wanda ya daɗe a harkar talla ya san cewa idan kasuwa ta fara sanyi, mu ne ake fara taɓawa. Kamfanin da cinikinsa ya ja baya ba zai iya daina biyan haya ko kuɗin wuta ba, amma yana iya soke tallar wata uku masu zuwa da imel guda, gobe ya buɗe ƙofa kamar ba a yi komai ba. Shi kuwa kamfanin talla ba shi da injina ko kaya a sito da zai sayar ya rage zafi, mafi yawan abin da yake kashewa albashi ne. Da zarar babban kwastoma ɗaya ya rage kasafinsa, sai a ɗauko jerin sunayen ma'aikata. Haka aka yi bayan rushewar bankin Lehman Brothers a watan Satumba na 2008. Haka aka sake yi a 2020 lokacin annobar korona, inda kamfanin talla na Dentsu kaɗai ya sanar da rage kusan ma'aikata 6,000 a rassansa na wajen Japan. A Nuwamban 2022 kuma kamfanin Meta mai Facebook da Instagram, wanda kusan duk kuɗin shigarsa daga talla suke fitowa, ya sallami mutum 11,000.

Na sha bin wannan hanya, na kuma sha zama da abokan aiki da aka sallama muna duba takardunsu tare. Abin da na lura shi ne, wanda ya bi abubuwa daki-daki ya fi saurin miƙewa: takardu tukuna, sannan kuɗi, sannan mutane, sannan neman aiki. Mafi yawan mutane daga na ƙarshen suke farawa, su kwana suna tura takardun neman aiki alhali ba su ma san nawa ya rage musu a asusu ba.

Abubuwan da za ka tanada

- Kwafin kwantiragin da ka sa wa hannu lokacin da aka ɗauke ka, da duk wata takardar ƙarin girma ko ƙarin albashi.
- Takardun albashi na wata shida da suka wuce, da bayanin asusun banki na wata uku.
- Adireshin imel naka na kanka, mai ɗauke da sunanka na gaskiya.
- Wurin ajiyar fayiloli: filashi ko ma'ajiyar intanet. Asusun Google yana ba da gigabait 15 kyauta, kuma ya isa a fara.
- Littafi guda da biro. Kana iya amfani da Excel, amma ni na fi son littafi, domin ba ya jan hankali zuwa wani shafi.
- Waya ko kwamfuta da ba ta ofis ba. Idan ba ka da kwamfuta, kada ka saya yanzu, za mu zo kan abin da ake yi a madadinta.
- Mutum ɗaya da ka yarda da hankalinsa, wanda zai karanta takardu tare da kai.

Mataki na 1: Ranar da aka kira ka ofis

Zaman ba ya daɗewa. Yawanci shugabanka ne da wani daga sashen kula da ma'aikata, ga takarda a kan tebur. An riga an yanke shawara kafin ka shigo, don haka jayayya a kan cewa ka fi wane ƙoƙari ba za ta canza komai ba. Aikinka a wannan zama shi ne saurare da tambaya. Ka shiga da littafinka, ka rubuta amsoshin waɗannan: Yaushe ne ranar ƙarshe ta aiki? Za a ba ni wa'adin sanarwa ko kuɗi a madadinsa? Nawa ne kuɗin sallama, kuma ta yaya aka lissafa shi? Kwanakin hutun da ban ci ba fa, za a biya? Kamasho ko ladan ƙarshen shekara da na riga na cancanta fa? Inshorar lafiya yaushe za ta tsaya? Ina makomar kuɗin fansho da aka cire mini?

Kada ka sa hannu a kan komai ranar. Ka ce cikin ladabi, “Zan tafi da ita in karanta, in dawo muku da amsa.” Sau da yawa takardar sallama tana ɗauke da sharaɗin cewa ka yafe duk wani haƙƙi da za ka iya nema nan gaba, kuma mutumin da zuciyarsa ke bugawa ba ya ganin irin wannan layi. Dokokin ƙwadago sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Yarjejeniya mai lamba 158 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 1982, ta tanadi wa'adin sanarwa ko diyya a madadinsa, da kuɗin sallama ko wani tallafi makamancinsa, sai dai ƙasashe da yawa ba su amince da ita ba. Saboda haka abin da zai yi maka aiki shi ne dokar inda kake zaune da abin da kwantiraginka ya ce. Idan ba ka da halin ɗaukar lauya, je ofishin ƙwadago na gwamnati, ko ƙungiyar ma'aikata idan kana cikinta, ko cibiyar ba da shawarar shari'a kyauta.

Akwai abu biyu da kamfani ke iya bayarwa ba tare da ya kashe komai ba, don haka ka roƙe su tun a zaman. Na farko, takardar shaidar aiki da ta faɗi ƙarara cewa an sallame ka ne saboda rage ma'aikata. Na biyu, izini a rubuce na nuna ayyukan da ka yi a cikin kundinka, wato tarin samfuran aikinka da za ka nuna wa masu ɗaukar aiki. Idan akwai sharaɗin da ya hana ka aiki da abokan gasarsu ko tsofaffin kwastominsu na wani lokaci, ka nemi a cire shi ko a rage wa'adinsa. Tunda su ne suka sallame ka, wannan roƙo ne mai hujja, kuma akan amsa shi fiye da yadda mutane ke zato.

Mataki na 2: Tattara abin da yake naka

Imel ɗin ofis yana iya rufewa kafin ka isa bakin ƙofa. Idan kana ganin alamu tun kafin ranar, misali an dakatar da ɗaukar sababbin ma'aikata, babban kwastoma ya tafi, ana ta taro a rufe, to ka fara wannan mataki tun yau.

Abin da kake tattarawa shi ne ayyukan da suka riga suka fita duniya ta gani: hoton allon talla a bakin hanya, shafin jarida, sautin tallar rediyo, bidiyon da aka saka a YouTube, hotunan shafukan sada zumunta. Kusa da kowanne ka rubuta shekarar da aka yi shi, da rawar da ka taka, da sakamakon da ka tuna. Sai lambobin waya na abokan aiki, masu ɗaukar hoto, masu buga takardu, 'yan sashen talla na gidajen rediyo da talabijin. Idan asusunka na LinkedIn ko Behance (shafin nuna ayyukan zane da talla) da imel ɗin ofis ka buɗe shi, ka sauya zuwa naka nan take.

A nan ne mutane ke jawo wa kansu matsala. Kada ka kwashi jerin farashin kamfani, ko bayanan kwastomomi, ko tallar da ba ta fita ba, ko dabarun da aka shirya wa wani. Wannan dukiyar wasu ce, kuma kamfanoni suna iya ganin abin da aka sauke daga kwamfutocinsu. Haka nan idan kai ke riƙe da shafin Facebook ko asusun Google Ads na wani kwastoma, ka miƙa shi a rubuce, ka cire kanka. Harkar talla ƙarama ce, kowa ya san kowa, kuma wanda ya fita da mutunci ana tunawa da shi.

Idan an riga an rufe maka komai kafin ka ɗauki ko da fayil ɗaya, ba ka yi asara duka ba. Bi shafukan kwastomomin ka ɗauko abin da suka wallafa. Meta yana da ɗakin ajiyar tallace-tallace da kowa ke iya dubawa, inda za ka ga tallolin da ke gudana. Sauran kuma ka tambayi abokin aikin da ya rage, amma abin da ya riga ya fita kawai.

Mataki na 3: Lissafa wata nawa gare ka

Wannan ne mataki mafi nauyi a zuciya, kuma shi ne yake kawo barci. Ka raba shafi biyu. A dama rubuta duk kuɗin da ke hannunka tabbas: ajiya, albashin ƙarshe, kuɗin sallamar da aka rubuta maka. Kada ka sa bashin da kake bin wani, ko alkawarin da ba a rubuta ba. A hagu rubuta abin da dole ka kashe kowane wata: haya, cefane, kuɗin makaranta, magani, sufuri, waya da data, biyan bashi. Ka ɗauko su daga bayanin banki, domin ƙwaƙwalwa takan rage lissafi. Sai ka raba na dama da na hagu. Idan na dama 1,200 ne, na hagu 300, da kowane irin kuɗi kake amfani, wata huɗu ke nan gare ka.

Yanzu ka tsawaita su. Soke duk wani biyan wata-wata da ba ka buƙata. Ka kula da manhajojin aiki, domin wasu tsare-tsaren shekara suna da tara idan aka soke da wuri, sai ka karanta sharaɗin kafin ka danna. Idan ƙasarku tana biyan tallafin rashin aiki, ka yi rajista a makon farko, domin a wurare da dama lissafin yana farawa ne daga ranar da ka nema. Haƙƙinka ne, ba abin kunya ba ne.

Kuɗin sallama shi ne abincinka na watannin nan. Kada ka zuba shi a sabuwar sana'ar da ba ka sani ba, kada ka sa shi a harkar da aka yi maka alkawarin riba mai tsoka cikin sauri, kada ka sayi kyamara ko kwamfuta mai tsada da sunan za ka buɗe kamfani. Kuma ka guji bashin manhajojin waya mai kuɗin ruwa na mako-mako. A ƙasan shafin ka ja layi ka rubuta: idan ya rage mini kuɗin wata biyu ban samu aikin talla ba, zan karɓi kowane aiki na halal da ya samu. Gara ka yanke wannan shawara yau da hankalinka a kwance.

Mataki na 4: Faɗa wa waɗanda abin ya shafa

Iyalinka su ji daga bakinka cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma ka zo musu da lissafin a hannu: ga abin da ya faru, ga watannin da muke da su, ga abin da za mu rage. Na ga mutanen da suka riƙa shiri da safe suna fita kamar za su ofis don kada a sani. Kuɗin mota yana ƙarewa, kuma ranar da magana ta fito ta fi ciwo. Mai gidan haya da banki su ma ka same su kafin ranar biya ta wuce. Wanda ya zo da kansa ya nemi a sassauta masa ya fi samun sauƙi a kan wanda aka yi ta nema ba ya ɗaga waya.

Mataki na 5: Riƙe kanka

Ka ba kanka 'yan kwanaki ka ji zafin abin. Mu masu talla mukan haɗa darajarmu da aikinmu, domin tunaninmu ne muke sayarwa, sai mutum ya ji kamar basirarsa aka ƙi. Lissafin kasafi ne ya fitar da kai, kuma cikin waɗanda aka sallama tare da kai akwai ƙwararru. A cikin kwanakin nan kada ka rubuta komai game da tsohon kamfaninka a intanet.

Bayan haka ka kafa wa yininka tsari: lokacin tashi ɗaya, awa uku zuwa huɗu na neman aiki da safe, sai ka rufe. Zama gaban allo har dare ana sabunta shafin guraben aiki ba ya ƙara komai sai damuwa. Ka fita ka taka, ka ga mutane. Idan rashin barci, ko rashin cin abinci, ko baƙin cikin da ba ya ɗagawa ya wuce mako biyu, ka ga likita. Idan kuma tunanin cutar da kanka ya zo maka, ka faɗa wa wani a ranar, ka nemi taimakon gaggawa.

Mataki na 6: Gyara kundin ayyukanka don mai jin tsoron kashe kuɗi

A lokacin yalwa, kundin da ya fi kyau da ban mamaki shi ke samun aiki. A lokacin matsi, wanda zai ɗauke ka tambaya ɗaya ce a ransa: idan na biya wannan mutum, me zai dawo mini da shi? Kundinka ya amsa wannan.

Zaɓi ayyuka biyar ko shida kawai. Kowanne ya samu shafi ɗaya mai sassa huɗu: matsalar da kwastoma ya zo da ita, abin da aka yi, abin da kai ka yi da hannunka, da abin da ya biyo baya. Ga bambancin a aikace. Wani zai rubuta, “Na jagoranci gagarumin kamfen na sabulu a kafafe daban-daban.” Wannan bai gaya wa kowa komai ba. Gara a ce, “Mutane suna ganin tallar amma ba sa saye. Na sake rubuta saƙon ya koma kan cewa sabulun yana daɗewa bai ƙare ba, muka gwada kanu uku na mako biyu, muka bar wanda ya fi kawo oda, kuɗin da ake kashewa kafin a samu mai saye ɗaya ya ragu.” Idan kana da adadin kuma kana da izinin faɗa, ka sa. Idan sirri ne, ka faɗi kashi nawa cikin ɗari ba tare da ainihin kuɗin ba, ko ka ɓoye sunan kwastoman ka ce “wani kamfanin sadarwa”. Kada ka ƙirƙiri adadi. Wanda ke yi maka tambayoyi yana iya zama abokin wanda kuka yi aikin tare.

Kuskure na biyu shi ne cinye aikin jama'a. Talla aikin taro ce: akwai marubuci, mai zane, mai kula da kwastoma, mai sayen fili a kafafen yaɗa labarai. Ka faɗi naka, ka ambaci sauran.

Idan aikinka ba na zane ko rubutu ba ne, misali kai mai kula da kwastoma ne ko mai tsara inda za a sa talla, kana da kundi kai ma. Ka nuna yadda ka raba kasafi tsakanin kafafe da dalilin rabon, ko yadda ka riƙe kwastoman da ke shirin tafiya, ko ragin da ka samo a wurin ciniki. Idan kuma sabon shiga ne kai, ayyukanka ba su kai biyar ba, ka ƙirƙiro wa kanka aiki a kan wata haja da kowa ya sani, ka rubuta a fili cewa gwaji ne, ba wanda ya ba ka shi.

Ka sa kundin a Behance, wanda kyauta ne, ko ka mayar da shi fayil ɗin PDF mara nauyi da zai buɗu a waya. Ka gwada buɗe shi a wayar wani kafin ka tura. Rashin manhajar biya ba uzuri ba ne: Canva yana da tsarin kyauta kuma yana aiki a waya, GIMP da Inkscape kyauta ne don hoto da zane, DaVinci Resolve yana da na kyauta don tace bidiyo. Takardar CV kuwa shafi ɗaya ko biyu ta isa, da sakamako a sama.

Mataki na 7: Nemi mutane kafin ka nemi gurabe

A lokacin matsi, gurbi ɗaya da aka tallata yana tara ɗimbin masu nema, kuma guraben da yawa ana cike su ne tun kafin a tallata. A 1973 masanin zamantakewa Mark Granovetter ya nuna cewa cikin waɗanda suka samu aiki ta hanyar wani, mafi yawansu ta hannun mutanen da ba sa yawan haɗuwa da su ne. Dalilin mai sauƙi ne. Abokanka na kusa abin da ka sani shi suka sani, kuma wataƙila tare aka sallame ku. Wanda kuka yi aiki da shi shekara huɗu baya, ya koma wani wuri, shi ke jin labarin da bai iso gare ka ba.

Rubuta sunaye arba'in a littafinka: tsofaffin shugabanni, tsofaffin kwastomomi idan kwantiraginka bai hana ba, masu buga takardu, masu shirya bidiyo, 'yan ajinku. Kada ka raina masu kawo kaya da masu buga takardu, su ne ke fara sanin kamfanin da ya samu sabon aiki. Ka tuntuɓi uku a rana, kowa da saƙonsa. Misali: “Barka da aiki. Rage ma'aikatan da aka yi a wurinmu ya shafe ni. Ina neman aikin rubuta talla, na dindindin ko na jinga, musamman a harkar kuɗi da sadarwa. Ga kundina. Idan kin san wanda ya kamata in yi magana da shi, zan ji daɗi ki haɗa mu.” Ka lura ba a ce “ki ba ni aiki” ba. Mutumin da ba shi da gurbi yakan yi shiru don kunya, amma kusan kowa yana da suna ɗaya da zai iya bayarwa.

Rubuta ranar da ka tura da amsar da ka samu. Bayan mako guda ka sake taɓawa sau ɗaya, daga nan ka bari. Ka kuma haɗa kai da waɗanda aka sallama tare da kai, ku riƙa tura wa juna gurabe, domin wanda bai dace da mai zane ba yana iya dacewa da marubuci.

Hattara da macuta, domin suna yawaita a irin wannan lokaci. Duk wanda ya ce ka biya kuɗin fom, ko na horo, ko na kayan aiki kafin a ɗauke ka, ka rabu da shi.

Mataki na 8: Aikin jinga don kuɗi su riƙa shigowa

Kamfanonin da suka rage ma'aikata aikin bai ƙare musu ba, hannu ne ya ragu. Shi ya sa wanda ya sallame ka yana iya zama kwastomanka na farko, kuma wannan wani dalili ne na fita lafiya. Sai ƙananan 'yan kasuwa da ba za su iya biyan kamfanin talla ba amma suna iya biyan mutum ɗaya.

Mu a harkar muna son ba da labarin yadda kamfanin sabulu da kayan masarufi na Procter & Gamble ya ci gaba da talla a shekarun 1930, lokacin babbar karayar tattalin arziki, yana ɗaukar nauyin wasannin kwaikwayo a rediyo. Labarin gaskiya ne, amma ba ya sa ƙaramin ɗan kasuwa da cinikinsa ya faɗi ya ciro kuɗi. Abin da ke sa shi ya yarda shi ne tayi ƙarami mai iyaka: gwajin mako biyu, kasafi kaɗan da shi zai biya kai tsaye daga asusunsa, da ma'auni ɗaya da kuka amince a kai, ko yawan kira ko yawan oda. Idan ya ga amfani, shi da kansa zai nemi a ci gaba.

Wajen farashi, ka raba tsohon albashinka na wata da kwanakin aiki, sai ka ƙara a kai, domin yanzu kai ke biyan haraji, data, kayan aiki da kwanakin da babu aiki. Komai ƙanƙantar aiki a rubuta shi, ko da a saƙon waya ne: me za a yi, nawa ne, yaushe za a gama, gyara sau nawa. Ni nakan ce sau biyu, na uku da kuɗinsa. Ka karɓi kafin alƙalami, rabi ko kashi ɗaya cikin uku, kuma fayil na ƙarshe ba ya fita sai an cika. Kada ka taɓa biyan kuɗin tallar kwastoma da katinka da sunan zai mayar maka, a lokacin matsi biya yana jinkiri ƙwarai. Wanda ya ce ka yi masa cikakken kamfen kyauta don ya ga iyawarka, ka nuna masa kundinka, ko ka ba shi gwaji ƙarami da zai biya. Duk kuɗin da ya shigo ka ware na haraji, kuma idan kana karɓar tallafin rashin aiki ka bincika ko dole ne ka bayyana shi.

Shafukan neman aikin jinga irin su Upwork da Fiverr suna nan, amma gasa ta yi yawa a cikinsu kuma suna cire nasu kaso. Ka ɗauke su ƙari a kan mutanen da ka sani.

Mataki na 9: Ƙaro ilimi kaɗan, ka leƙa ƙofofin maƙwabta

Kuɗin talla da suka rage a lokacin matsi sukan koma inda ake iya auna sakamako, wato tallar bincike da ta shafukan sada zumunta da imel. Idan a allo da rediyo da jarida ka ƙware, ka koyi ɗaya daga ciki. Skillshop na Google yana ba da darussa da takardar shaidar Google Ads kyauta, ana sabunta ta duk shekara. Darussan Meta Blueprint kyauta ne, jarrabawar shaidarsu ce ake biya. HubSpot Academy ma yana da na kyauta. Guda ɗaya ya isa, ka gama shi, ka gwada a aikin gaske. Tara takardun shaida wani lokaci hanya ce ta guje wa kiran mutane.

Kuma kada ka tsaya a kamfanonin talla kaɗai. Kamfanoni da dama sukan janye aikin daga hannun 'yan waje su riƙa yi a cikin gida don rage kashe kuɗi, sai su buƙaci irinka. Asibitoci, makarantu, ƙungiyoyin agaji, hukumomin gwamnati da masu sayar da kayan masarufi duk suna buƙatar mai iya isar da saƙo. Mai kula da kwastoma yana iya shiga sashen sayarwa, marubuci ya shiga hulɗa da jama'a, mai sayen fili ya shiga nazarin alƙaluma.

Mataki na 10: Ganawa da tayin aiki

Za a tambaye ka dalilin barin aikinka. Ka shirya jimla biyu ka haddace: “Kamfanin ya rasa manyan kwastomomi, aka rage sashenmu. Tun daga lokacin ina aikin jinga, ga abin da na yi.” Daga nan ka koma kan abin da za ka yi musu. Kada ka zagi kowa, kada ka tsawaita. Kafin ka je, ka duba tallolinsu na baya-bayan nan, ka tafi da shawara ɗaya da za ta rage musu kashe kuɗi ko ta ƙara musu ciniki.

Idan tayi ya zo ƙasa da tsohon albashinka, ka auna shi da shafin hagu na littafinka da watannin da suka rage. In ya rufe buƙatun dole, yana da kyau a karɓa, amma ka nemi a rubuta cewa za a sake duba albashin bayan wata shida. Abin da ba su iya bayarwa a kuɗi ka nema ta wata hanya: muƙami, kwanakin aiki daga gida, ko izinin ci gaba da jingar da ba ta ci karo da tasu ba. Kai ma ka yi musu tambaya: kwastoma nawa ne ke kawo mafi yawan kuɗin shigarsu, kuma wannan gurbi a kan aikin wa aka buɗe shi? Idan kwastoma ɗaya ne ke riƙe da gurbin, ka tambayi yaushe kwantiraginsa zai ƙare. Kafin ka sa hannu, ka karanta sashen wa'adin sanarwa, da na kuɗin sallama, da na hana aiki da abokan gasa, kuma kada ka sallami kwastomomin jingarka sai takardar ɗaukar aiki ta shigo hannunka da sa hannun ɓangarorin biyu.